Filin Bakanike: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Fijo 504 Ba Tare da An Jingine Ta Ba

Wasiƙun wannan wata sun karkata gefe guda. Masu tsofaffin motoci ne suke son mayar da su yadda suke a da, amma ba su da wata motar da za su hau kafin aikin ya ƙare. Mafi yawansu a kan Fijo 504 suke tambaya, kuma ba abin mamaki ba ne. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, alhali Turai ta daina ƙera salun ɗinta tun 1983. Don haka kayanta da waɗanda suka san cikinta ba su ƙare ba tukuna. Ga bakwai daga cikin tambayoyin.

Assalamu alaikum. Na gaji 504 salun ƙirar 1984 daga mahaifina. Ita nake hawa zuwa aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Mai gyaran jikin mota ya ce in kawo a kwance ta gaba ɗaya a yi mata fenti, cikin wata biyu za ta fito sabuwa. Ta ina ya kamata in fara?
Malamin makaranta, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ka yarda a kwance ta. Motar da aka cire wa ƙofofi da gilasai da kujeru a rana ɗaya, wata biyun nan yakan koma shekara. Notuna su ɓace, a ari wani abu nata a sa wa motar wani, kai kuwa kana biyan kuɗin adaidaita sahu safe da yamma. Mai mota biyu zai iya jure wannan. Kai taka ɗaya ce, saboda haka duk aikin da ba zai fara Juma'a da yamma ya ƙare Lahadi ba, a raba shi gida biyu ko uku. Kuma ba a kwance komai sai kayan da za a mayar suna hannu.

Kafin ka kashe ko sisi, ka kai ta kan rami a duba abu biyu. Na farko tsatsa a wuraren da suke ɗauke da nauyin mota: kan shokazoba na gaba a cikin bonet, dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofofi, wuraren da ake kafa jak, da inda ƙafafun baya suka kama jiki. A soka sukurudireba da ƙarfi. In ya shige, wannan wurin shi ne aikin farko, ya riga komai. Na biyu a auna matsin inji. A ɗuma injin, a cire fulogai huɗun, a take totur har ƙasa, a auna kowace silinda. Abin dubawa shi ne bambancin da ke tsakaninsu. In wata ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin 100, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne suka cinye. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Wannan awon shi zai gaya maka ko akwai babban aikin inji a gabanka, ka fara tara kuɗinsa tun yanzu.

Daga nan sai birki. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake zubar da shi duk shekara biyu. Tsohon da ya yi baƙi yana cin masta, wato famfon da feda yake turawa, da kofunan ƙafafu daga ciki, kuma yana tafasa a gangara, feda ya tafi ƙasa. A wanke layin duka da sabon man birki mai lambar DOT 4, lita ɗaya ta isa. A sauya tiyon roba na kowace ƙafa ko da daga waje suna da kyau, domin tsohon tiyo yana kumbura ta ciki, ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, sai ka ji taya ɗaya tana zafi mota tana ja gefe. A leƙa baya a ga irin motarka: wasu 504 faifai ne a ƙafa huɗun, wasu ganga ce a baya, kuma kayansu ba ɗaya ba ne. A can baya akwai wani ɗan bawul da yake rage ƙarfin birkin baya idan mota ba ta da kaya. Yakan maƙale da tsatsa, wasu ma sukan cire shi, alhali shi yake hana baya ya kulle mota ta juya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Saboda shi ne ake fitar da iskar birkin baya mota tana tsaye a kan tayoyinta, domin in ƙafafun suna reto a kan jak, bawul ɗin a rufe yake. Bustar birki kuwa, wadda take sauƙaƙa taka feda, gwajinta ba wuya: inji a kashe, ka taka feda sau biyar, ka riƙe, ka tayar da inji. In fedan ya ɗan nutse, tana aiki.

Mako na gaba sitiyari da ƙafa. Akwai wani faifan roba da ya haɗa sandar sitiyari da rak, wato ƙarfe mai haƙora da yake karkata tayoyin gaba. In ya tsattsage, a sauya shi ranar, ba gobe ba. Sai robobin da suka rufe bakin rak, tayarod, boljoyin da bushin. Shokazoba biyu-biyu ake sauyawa, gaba tare ko baya tare, sannan a yi alaimen. Tayoyin salun 175 ne a kan rim 14. Ka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, komai kaurin zanenta, ba ta hanyar Kano cikin watan Afrilu ba ce.

Bayan waɗannan sai sanyaya inji, sai wuta da mai, sai tsatsar jiki. Fenti da kujeru su ne na ƙarshe, domin duk aikin da ke gabansu yana iya ɓata su.

Motata 504 tana tafasa in na shiga cunkoso, amma a kan babbar hanya lafiya lau. Bakanike ya cire tamostat tun bara, ya ce ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. Yanzu kuma kullum sai na ƙara ruwa. Me ke faruwa?
Ɗan kasuwa, Kano

Alhaji, matsala biyu ce ka haɗa, kuma ta biyun ta fi haɗari.

Zafi a cunkoso kawai yana nuna iska ba ta ratsa lagireto idan mota ta tsaya. A fara da fanka. Yawancin 504 sun zo da fankar da maganaɗisun lantarki yake kamawa idan ruwa ya yi zafi. In suwic ɗin da ke jikin lagireto ya mutu, ko ɗan gawayin da yake kai mata wuta ya cinye, za ka ga tana juyawa a sake amma ba ta jan iska. In ba a samu kayan gyaranta ba, a ɗaure ta ta riƙa juyawa da inji kullum. Za ta ƙara ɗan ƙara da ɗan shan mai, amma a cikin Kano hakan ya fi. A duba fanbel: in aka danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya. A wanke haƙarƙarin lagireto daga baya zuwa gaba, domin ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe shi. In an yi shekaru ana zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, to cikinsa ma ya cika da farin dutse, sai an kai wa mai lagireto ya buɗe ya zura kowane bututu. In fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na bututun an riga an toshe su da dalma, a sauya cikin gaba ɗaya.

Cire tamostat gyaran gangar Auzinawa ne. Ba ya maganin toshewar lagireto, sai dai ya sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba da safe, ya sha mai, ya gurɓata baƙin mai, silinda ta cinye da wuri. A mayar da wanda yake buɗewa wajen digiri 75. A sayi sabon murfin lagireto, domin murfin da sifirinsa ya saki yana barin ruwa ya tafasa da wuri ya zube. Ruwan da tsarin yake ɗauka ya kusa lita 8. A zuba kulan na gaske, wato ruwan lagireto mai hana tsatsa, kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran ruwan batir wanda ba asid. Ba don sanyi ake sa shi ba. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa alminiyam, kuma ruwa zalla tsakanin waɗannan biyun yana cin kan injin har ya huda shi.

Sai ruwan da yake ɓacewa. In ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, ba a tiyo ba, ba a ƙasan famfon ruwa ba, to cikin inji yake tafiya. Ka zaro sandar awon mai da safe. In man ya koma kalar shayi da madara, ko ya haura alama, ruwa ya shiga. Ka buɗe lagireto inji yana sanyi, ka tayar, ka duba ko kumfa tana tasowa ba tsayawa. Ko wanne ka gani, ka ajiye motar, domin mai da ruwa a haɗe metal suke ci, wato ƙarafan da babbar sandar inji take juyawa a kansu.

Nan ne ake gane bakaniken da ya san Fijo. Silindojin wannan inji silif ne da ake zurawa a cire, ruwa yana zagaye da su, kuma kowane yana zaune a kan wani siririn sil a ƙasa. Tof silinda, wato kan injin, ita ce take danne su. In aka kwance notuna aka fizge ta sama, silif yakan biyo ta, sil ɗin ya motsa. Hanyar da ta dace ita ce a girgiza ta gefe har ta saki, sannan a ɗaga. Da an ɗaga a danne silif ɗin da wosha da noti, kuma kada a juya inji sai an danne su. Wanda ya tsallake wannan zai sa sabon gaskit, a yi mako ɗaya ruwa ya koma cikin mai, ya ce gaskit ɗin jabu ne. A kai tof silindar wurin injin gogewa a auna ko ta lanƙwashe, a tabbata kan kowane silif ya ɗan ɗara gangar jikin inji daidai da na kusa da shi, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo. Bayan kilomita 1,000 a sake ɗaurewa inji yana sanyi, a sake saita bawul. Aikin kwana biyu ne in gaskit, sil da mai suna hannu tun ranar Alhamis.

Da safe sai an tura ta, kuma tana shan fetur kamar rijiya. An wanke kafireto sau uku, ba sauyi. Ko in sayi sabon kafireto?
Ma'aikacin lafiya, Gusau

Ka riƙe kuɗinka tukuna, ɗan'uwa. Kafireto shi ake ɗora wa laifi, amma shi ake taɓawa a ƙarshe, domin ba ya saituwa a kan injin da bawul da wutarsa ba daidai suke ba.

A fara da bawul, inji ya kwana a sanyi. Tazarar na shigar mai milimita 0.10 ce, na fitar hayaƙi 0.25. Da filagej, wato siraran fallayen ƙarfe na awon tazara, ake aunawa, ba da kunne ba. Tsarin harbin injin 1-3-4-2 ne, kuma ga hanya mai sauƙi. In bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya buɗe gaba ɗaya, a saita na shiga na 3 da na hayaƙi na 4. In na 3 ya buɗe, a saita na shiga na 4 da na hayaƙi na 2. In na 4 ne, na shiga na 2 da na hayaƙi na 1. In na 2 ne, na shiga na 1 da na hayaƙi na 3. Fijo daga wajen giya take fara ƙirga silindojinta, amma wannan tsarin yana fita daidai ko ta wane gefe aka fara. Masu matse bawul don inji ya yi shiru suna cutar mai mota: bawul ɗin da ba shi da tazara ba ya rufuwa sosai, matsi ya zube, tashi ya yi wuya, a ƙarshe bakinsa ya ƙone. Ɗan ƙas-ƙas a wannan inji lafiya ce. Tun da aka daina sa dalma a fetur, yana da kyau a riƙa duba tazarar na hayaƙi duk kilomita 10,000.

Sai wuta. Tazarar kwantak 0.40, ta fulogi 0.6. Fulogan 504 suna can cikin dogayen bututu, kuma in sil ɗin bututun ya mutu, baƙin mai yana taruwa ya kewaye fulogi, wuta ta bi ta nan ta gudu. A kama sandar distiributa a girgiza. In tana wasa gefe da gefe, duk tazarar da aka saita ba za ta zauna ba, sai an sa mata bushi ko an sauya ta. A tsotsi siririn tiyon da ya taso daga kafireto zuwa distiributa: in iska tana wucewa ba turjiya, fatar ciki ta fashe, kuma wannan kaɗai yana ƙara shan mai. Taimin da fitilar taimin ake sa shi, bisa lambar distiributar. Ga mai hawa kullum, muna goyon bayan a cire kwantak da kwandansa a sa ɗan na'urar lantarki da take zama a gurbinsu, domin kwandansan da ke kasuwa yanzu ba sa daɗewa. A ajiye tsofaffin a cikin mota saboda ranar tsiya.

Batir ma a auna shi. Inji yana aiki, ya kamata a ga bolt 13.8 zuwa 14.4. A kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin mota da jikin inji. Da yawa daga cikin motocin da ake turawa, kik ne yake shanye wutar duka, koyil ya rasa abin da zai harba.

Yanzu a zo kan mai. Ka sansana sandar awon baƙin mai. In tana warin fetur, fatar famfon mai ta huje, fetur yana zuba cikin inji. A kafireton, Solex ne ko Zenith, a duba ko cok yana buɗewa gaba ɗaya bayan inji ya ɗumama, ko fulot ya sha mai ya nutse, ko allurarsa tana yoyo, ko wani ya taɓa faɗaɗa jet, wato ƴar hudar da fetur yake bi, da waya. Jet ɗin da aka soka wa waya ya tashi aiki. A girgiza sandar totur: in ta yi sako-sako tana shan iska ta gefe, sulo ba zai taɓa zama ba. Matatar iska mai wankan mai, wadda ta zo da yawancin na nan, a wanke ta da kananzir, a zuba mai daidai alama, kada a wuce.

Ka auna da kanka: cika tanki, rubuta kilomita, sake cikawa bayan mako. Injin lita 2 mai lafiya yana cin lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 in an haɗa gari da hanya, cikin cunkoso zalla ya fi haka. Kuma tun da ana wurin, a sauya duk tiyon fetur, a sa kilif a kowane baki, a ja ɗan bututun tagullar da ke shiga kafireto a ji ko ya saki. Daga nan gobarar tsofaffin motoci take yawan tashi.

Wane mai ake zuba wa giya? Wani ya ce baƙin mai, wani ya ce man giya mai kauri.
Direba, Maraɗi

Na farkon ya fi gaskiya. Giya huɗu ta 504 man inji Fijo ta rubuta mata, lita ɗaya da 'yan kai. Mai kaurin yana sa giya ta yi tauri da safe. Aksul ɗin baya shi ne mai shan man giya, 80W-90 mai lambar GL-5. Inji kuwa kimanin lita 4 na 20W-50, a juye duk kilomita 5,000 tare da filta, a rage zuwa 3,000 in hanyarka ta burji ce.

Ƙasan ƙofofi da wajen ƙafar direba sun ruɓe. Ba zan iya ajiye motar wata guda ba, da ita nake kai yara makaranta. Za a iya yin aikin jiki kaɗan-kaɗan?
Uwargida, Jos

Za a iya, Hajiya, in kin jure ganin motarki da dabbare-dabbare na wasu watanni.

A fara da inda ruwan yake shiga, in ba haka ba sabon ƙarfen ma ruɓewa zai yi. A ɗaga shimfiɗar ƙasa duka, mutum ɗaya ya zauna ciki, wani ya zuba ruwa da tiyo daga sama. Galibi robar gilashin gaba ce ta bushe, ko magudanar da ke ƙasan waifa ta cika da ganye, ko ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofofi sun toshe da laka. A duba ƙarƙashin batir da ƙasan but. Ki sa a bi jikin motar da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle: inda ya ƙi kamawa, fila ce, wato ƙullin cike lotsawar jikin mota, aka cusa a da.

Kowane ƙarshen mako wuri ɗaya. A yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har sai an kai mai haske, a yanko sabo mai kauri irin nasa, a yi walda baki da baki. Ɗora faci a kan tsatsa rufe ciwo ne da ƙuda a ciki. Kafin walda a cire kan batir, a janye shimfiɗa da wayoyi, a san inda layin fetur da na birki suka bi a ƙasan mota. In aikin yana kusa da tanki, a sauke tankin. Mai waldar kabaid ya riƙa ɗiga wuta nan da can yana barin ƙarfe ya huce, domin dogon layi a tashi ɗaya yana murɗe fallen ƙofa. Fila ta gyara fuska ce kawai, kada kaurinta ya wuce milimita 2 zuwa 3.

Ga inda masu yin aiki kaɗan-kaɗan suke faɗawa rami. Faramar da aka saba fesawa, mai launin toka, tana shan ruwa kamar soso. In aka fita da mota a kanta cikin damina, tsatsa tana tsirowa a ƙarƙashi, bayan an yi fenti ta kumburo. Duk wurin da aka gama, a rufe shi da faramar efoksi mai haɗi biyu, ko a fesa masa fenti ko da na wucin gadi ne, a shafe bayan waldar da sila da baƙin fentin ƙasa. Cikin ƙofofi da dogayen ƙarafan gefe a fesa musu kakin hana tsatsa bayan an gama walda, ba kafin ba, domin yana kamawa da wuta.

Sai duk facin ya ƙare za a yi fentin gaba ɗaya, kuma shi kam yana son mako ɗaya zuwa biyu. Ki haɗa shi da hutun makaranta, ki nemi mai ɗakin fenti rufaffe, domin ƙurar hunturu da danshin Agusta duka abokan gabar sabon fenti ne. Lambar kalar asali tana cikin bonet a motoci da yawa. In za ki sauya kala, sai an gyara takardun mota a ofishin lasin.

Sababbin kayan 504 da nake saya ba sa wata uku. Ina ake samun na ƙwarai?
Ɗalibi, Kaduna

Raba kayan gida biyu. Duk abin da yake roba ne, ko fata, ko mai cinyewa, wato tiyo, sil, bel, kit ɗin masta, fad, boljoyin, sabo ake saya, mafi tsadar da aljihu zai ɗauka. Tsohuwar roba tsohuwa ce ko daga ina ta zo. Abin da yake ƙarfe ne kuwa, irin su kafireto, distiributa, kik, altaneta, rak, makullan ƙofa, fitilu da bamba, tsohon asali ya fi sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba. Kana kusa da kasuwar Panteka, na Kano suna da ta Ƙofar Ruwa. Ka tafi da tsohon a hannu, a jera su a gwada, domin 504 ta yi shekaru da dama ana sauya mata ƙananan abubuwa, kuma na salun, na wagon da na a-kori-kura ba kullum suke shiga wa juna ba. Rim ɗinta ma tazarar hudojinsa huɗu milimita 140 ce, na yawancin motocin yanzu ba ya hawa.

Dabarar da ta fi amfani ga mai mota ɗaya ita ce sayen na biyu. Ka sayi tsohon kafireto ko kik, a gyara shi a tsanake a kan tebur, ranar Asabar a musanya cikin awa ɗaya, wanda aka cire ya zama na ajiya. Haka ake yi har da inji: a sayi wani a ɗaure shi a hankali cikin wata uku, a ɗora a kwana biyu. In an sauya inji, a kai sabuwar lambarsa a shigar a takarda. A but kuma kada a rasa fanbel, kwantak, kwandansa, rota, fis, tiyon lagireto na sama, man birki, galan ɗin ruwa da abin kashe gobara.

Ina so in sa mata injin Toyota, giya biyar, da na'urar sanyaya ɗaki. Me kuka gani?
Ɗan fansho, Bauci

Baba, injin wata mota ba mu ba da shawararsa. Farfelar 504, wato sandar da take kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, tana cikin wani dogon bututu da ya haɗa giya da aksul, kuma shi yake riƙe su a layi ɗaya. Sa baƙon inji da giyarsa yana nufin yanke wannan tsarin, da ƙera mazauni, da sake layin salansa da na wuta. Motar za ta daɗe a gareji, ta fito tana rawa, darajarta ta tsohuwar mota kuma ta tafi. In injinka ya gaji, injin lita 2 mai kafireto na 505 ɗan gidansu ne, yana zama ba tare da yanke-yanke ba.

Giya biyar ta 505 gyara ce mai kyau ga mai yawan tafiya, tana rage ƙugin inji da shan mai a kan hanya. Sai dai ta fi ta huɗu tsawo, don haka a sayo ta tare da bututunta da farfelarta da sandunan giya, a auna komai a ƙasa kafin a sauke tsohuwar.

Na'urar sanyi ta jira sai lagireto ya yi wata guda cikin zafin bazara allura ba ta haura ba, domin kwandansarta a gaban lagireto take zama, tana tura masa iska mai zafi. A ƙara fankar lantarki a gaba, da altaneta mai amfiya 70 ko fiye. In tsohon tsari ne na gas ɗin R12, ba a ɗura masa R134a haka kawai: a wanke layin, a sauya diraya da sil da man kwamfireso. Na'urar sanyin da fitilun gaba a ja musu wuta daga batir ta rile da fis nasu, domin tsohon suwic ɗin da ke jikin sitiyari ba zai ɗauki wannan nauyin ba, narkewa zai yi.